Gidan Makama: Fadar da Ta Zama Makaranta, Ta Koma Gidan Tarihi

Duk wanda ya taso a ƙasar Wudil, a Darki ne ko Utai ko cikin garin Wudil ɗin kansa, ya san sunan Makama tun kafin ƙafarsa ta taka birni, domin a al'adar masarauta Makaman Kano shi ne hakimin wannan yanki. Amma gidan da ya fi kowane gida amsa sunan wannan sarauta yana can cikin ganuwa, daura da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, kuma yau ɗalibai da baƙi ne ke shiga zaurensa don ganin kayan tarihi.

Abin da masana tarihin Kano suka tafi a kai shi ne, an gina gidan a ƙarni na 15 saboda Muhammadu Rumfa, jikan Sarki Abdullahi Burja, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta a 1463, a nan ya ci gaba da zama har aka kammala masa sabuwar fada, wadda har gobe ake kira Gidan Rumfa. Mulkinsa ya kai 1499. A zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, aka faɗaɗa ganuwa, Shehu Magili kuma ya sauka Kano ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai riƙe jama'arsa. Ke nan kafin Kano ta sami fadar da muka sani, daga wannan gida Rumfa ya fara juya al'amuranta.

Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarautar Makama ta koma hannun Joɓawa, mutanen Malam Bakatsine. Makama ya zama ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A wancan lokacin hakimi a birni yake zaune, kusa da Sarki, jakadunsa ne ke kai-komo tsakaninsa da garuruwan da ke ƙarƙashinsa.

Zuwan Turawa ya birkita wannan tsari. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato, daga baya Lugga ya naɗa Abbas sarki. Sababbin masu mulki suka yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis na ɗan lokaci. Cikin 'yan shekaru kuma aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya tare cikin talakawansa. Da haka Wudil ta zama mazaunin Makama, babban gidan birni kuwa ya fi ƙarfin buƙatar masu shi.

A nan ne gidan ya yi sa'ar da gidajen hakimai da dama ba su yi ba: an ba shi aiki. Aka mai da wani sashensa makarantar boko, kuma cikin yaran da suka yi karatu a makarantar Gidan Makama har da Murtala Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. A ganina wannan ne ya ceci ginin. Ginin ƙasa ba ya jure kaɗaici. Indararo ɗaya ya toshe a damina, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙe, gara ta samu hanya, kafin shekaru kaɗan sai a tarar da tudu a inda ɗaki yake. Gidan da mutane ke shiga kullum kuwa, idan ya tsage akwai mai gani, akwai kuma mai kiran magini.

Sai kuma zamanin adana kayan tarihi ya zo. An yi dokar kare su a 1953, shekara guda bayan buɗe gidan tarihi na Jos, na Legas ya biyo baya a 1957. A 1959 aka sanya Gidan Makama cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Gidan ya kasu: sashen makaranta, sashen da ya rage wa gidan sarauta, da sashen da ya zama gidan tarihi, wanda yanzu ke hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya da aka kafa a 1979.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne. Ana farawa da manyan ƙyamaren ƙofofin gari, ciki har da na Ƙofar Kabuga, inda Turawa suka kutsa birni. Daga nan labarin ya bi ta kan ganuwa da zamanin sarakunan Haɓe, ya shiga mulkin Fulani, ya iso Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895. Ɗan ƙasar Wudil ya kamata ya daɗe a wannan ɗaki, don rikicin Tukurawa da Yusufawa a maƙwabtansa ya yi ƙarfi: Takai Yusufawa suka nufa da suka fice daga birni, a Garko jagoransu Yusufu ya rasu, daga wannan shiyya kuma rundunar Alu, wanda ya gaje shi, ta juyo ta ƙwace Kano. Sauran ɗakunan na sana'o'i ne da kayan kiɗa da kayan hawan salla, da alluna da rubuce-rubucen malamai, sai ɗakin amarya da jerensa, wanda mata ba sa saurin fita daga cikinsa.

Duk da haka, ba abin da ke cikin gilashi da ya kai ginin kansa daraja. Wanda ya ɗaga kai a cikin soro zai ga yadda magina suka tanƙwara bakan gizo da guntayen azara, suka haɗa ɗaurin guga a tsakiya, suka rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙin siminti ba rodi. Katangar tubali mai kauri tana riƙe sanyi a watan bazara, lokacin da rufin kwano ke gasa mutane a gidajen zamani. Kada a ɗauka kowace katanga a nan hannun maginan Rumfa ne ya ɗora ta. Gidan ƙasa sabunta shi ake yi, yaɓe kan yaɓe, kowane zamani ya ƙara nasa. Abin da ya yi shekaru fiye da ɗari biyar shi ne wurin da kuma sana'ar da ta riƙe shi.

Wannan sana'a ce ke ba ni tsoro. Maginan da suka iya kwaɓin makuba da ɗaurin baka suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo don nan ne abinci yake. Ganuwar da ake nuna taswirarta a cikin gidan tarihin ana cinye ta a waje, wasu sun ɗebi ƙasarta, wasu sun kafa shaguna a kanta. Hukumar da ke riƙe da Gidan Makama, da gwamnatin jiha, da masarauta, suna da damar ɗaukar matasa su zauna ƙarƙashin tsofaffin maginan da suka rage, a biya su, gyaran gidan na kowace shekara ya zama makarantarsu. Jami'o'in Kano da ke koyar da zanen gine-gine, har da ta Wudil, suna iya tura ɗalibansu su auna sorayen nan ɗaki-ɗaki, su kuma kama kwaɓi da hannunsu kafin damina ta gaba.