Neman makasar ƙwayar maleriya a cikin kundin halittarta

Sana'armu ta binciken ƙwayar maleriya ta fara ne da tulun gilashi da kyandir. Kafin 1976 ba a iya rainon Plasmodium falciparum, ƙwayar zazzaɓin cizon sauron da ta fi kisa a Afirka, a wajen jikin mai rai na tsawon lokaci. A shekarar ne William Trager da James Jensen na Jami'ar Rockefeller da ke New York suka nuna cewa za a iya ajiye ta cikin jinin mutum a faranti ta yi ta hayayyafa. A jera farantan a tulun, a kunna kyandir, a rufe. Da wutar ta mutu, iskar da ta rage a ciki ita ce irin wadda ƙwayar ke so. Duk wanda ya yi rainonta ya san ba ruwanta da Juma'a ko Lahadi. Kullum sai an canja mata ruwan abinci, a shafa ɗigon jini a gilashi, a rina shi, a zauna gaban madubi ana ƙirga ƙwayoyin cutar masu siffar zobe da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini.

Abin da ya hana mutane barci a wancan zamani shi ne kulorokwin. Tun ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar ta fara ƙin jin sa a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. A 1978 aka ga alamar haka a gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 kuma abin ya iso yammaci. Thomas Wellems, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya haɗa iri biyu a cikin sauro, mai jin magani da marar ji, ya bi diddigin 'ya'yansu. A farkon shekarun 1990 ya gano cewa sirrin yana kan kuromosom na 7, amma sai a 2000 aka kama ainihin ƙwayar gadon, wadda ake kira pfcrt. Kusan shekara goma ke nan a kan abu ɗaya tak. A 2001 Abdoulaye Djimdé da abokan aikinsa a Bamako suka nuna cewa canji guda a wannan wuri zai iya zama alamar da za a riƙa dubawa a jinin majinyata don sanin ko kulorokwin na dab da daina aiki a gari.

Wannan jan ƙafa ne ya sa aka ce a karanta kundin halittar ƙwayar gaba ɗaya a huta. Aka fara a 1996, aka raba aikin tsakanin cibiyar Sanger ta Ingila, da cibiyar TIGR da Jami'ar Stanford a Amurka. Irin da aka zaɓa, 3D7, asalinsa daga jinin wani majinyaci ne a Holan da ke zaune kusa da filin jirgin sama na Schiphol, ana kuma kyautata zaton sauro ne ya shigo da cutar cikin jirgi. Aikin ya ba da wuya. Haruffa huɗu ake rubuta DNA da su, amma kusan kashi 80 cikin 100 na kundin wannan ƙwaya A ne da T. Bakteriyar da ake amfani da ita wajen kwafar guntayen ta yi ta lalata su, kwamfuta kuma ta yi ta rikicewa wajen jera su saboda tsabar kama da juna. A watan Oktoba na 2002 mujallar Nature ta buga sakamakon: haruffa kusan miliyan 23, kuromosom 14, ƙwayoyin gado kimanin 5,300. A makon ne kuma aka buga kundin sauron Anopheles gambiae.

Murna ta yi yawa a lokacin. Lissafin da muke yi mai sauƙi ne: a duba jerin, a ware abin da ƙwayar ke da shi wanda mutum ba shi da shi, a ƙera maganin da zai toshe shi. Sai dai kusan kashi 60 cikin 100 na jerin ba su yi kama da komai da aka sani a wata halitta ba. Tamkar an miƙa maka sunayen mutanen gari ne kaf, ba a gaya maka sana'ar kowa ba.

Hankalin kowa ya koma kan wata ƙaramar gaɓa a cikin ƙwayar mai suna afikoflas, ragowar wani gansakuka da kakanninta suka haɗiye tun fil azal. Tunda dangin tsiro ce, hanyoyin sarrafa sinadaranta sun bambanta da namu. Tun 1999, kafin ma a gama kundin, Hassan Jomaa da abokansa a Jamus suka tsinci wata hanya irin wannan a cikin bayanan da aka fara saki, suka tuna da fosmidomaisin, wani tsohon magani da aka ƙera a Japan aka jingine. Ya kashe ƙwayar a faranti. Da aka gwada shi a kan mutane a Gabon da Tailan, zazzaɓi ya sauka, amma cutar ta dawo wa da dama bayan 'yan makonni. Labarin enzayim ɗin FabI ya fi wannan ciwo. A 2001 aka ba da rahoton cewa tirikulosan, sinadarin da aka riƙa sa wa sabulu da man goge baki, yana kashe ƙwayar ta hanyar toshe shi. Ɗakunan gwaje-gwaje da yawa suka dukufa, aka kashe kuɗi da shekaru. A 2008 aka cire ƙwayar gadon FabI ɗungurungum, ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa a jini abinta. A hanta take buƙatarsa, alhali a jini ne take sa ciwo. Kundin yana faɗa maka abin da ƙwayar ta mallaka, amma bai ware maka wanda rayuwarta ta dogara a kai ba.

Daga nan aka juya tsarin. Maimakon a zaɓi makasa a takarda, sai a zuba sinadarai kai tsaye a kan ƙwaya mai rai a ga wanne ke kashe ta. A 2010 kamfanin GSK ya bayyana cewa ya gwada kusan miliyan biyu a cibiyarsa ta Tres Cantos a Sifen, ya kuma saki bayanan sama da 13,000 da suka yi tasiri kyauta ga kowa. Novartis da asibitin bincike na St. Jude su ma suka saki nasu. A nan ne kundin ya sami aikinsa na gaskiya. Idan ka sami sinadari mai kisa, sai ka zuba shi a kwalbar da ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi. Kwana biyu uku gilashi ya zama fayau. Ka ci gaba da canja ruwa, kana ƙara sabon jini, mako biyu, uku, wani lokaci fiye da wata, kana rainon abin da idonka bai gani. Ran nan sai ka hango zobe ɗaya a gefen gilashi. Wannan da ya tsira shi ake nema. A yaɗa shi, a karanta kundinsa, a gwama da na uwarsa. Harafin da ya canja sau da yawa shi ke nuna inda maganin ke duka.

Ta haka rukunin Elizabeth Winzeler ya nuna cewa maganin sifagamin yana da alaƙa da PfATP4, wanda daga baya aka tabbatar famfo ne mai fitar da gishirin sodiyam daga cikin ƙwayar. Ta haka aka gano makasar maganin da Jami'ar Dundee ta fitar a 2015, da ta MMV048, wanda cibiyar H3D ta Kelly Chibale a Jami'ar Cape Town ta jagoranta har ya kai ga gwaji a Habasha. Tsohuwar hanya ma ba ta tashi a banza ba, domin maganin DSM265 daga zaɓaɓɓen enzayim aka faro shi, ya kuma kai ga gwaji a kan mutane. Dabarar neman wanda ya tsira a kwalba tana da wani amfanin: idan ƙwayar ta koyi jure wa sinadari cikin sauƙi a kwalba, an san ba zai daɗe a kasuwa ba, sai a yi hattara tun kafin a narka masa dukiya.

Ita ce dai ta warware batun atemisinin, ginshiƙin magungunan da ake sha yanzu, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Wajen 2008 likitoci a yammacin Kambodiya suka lura cewa ƙwayar na daɗewa kafin ta bar jini. Masu bincike a Faransa suka shafe shekara biyar suna ɗura wa wani iri ɗan asalin Tanzaniya maganin, har ya koyi jurewa. Frédéric Ariey da Didier Ménard da abokansu suka gwama kundinsa da na ƙwayoyin Kambodiya, a 2014 suka bayyana cewa canje-canje a ƙwayar gadon kelch13 su ne alamar wannan juriya. Yau ga shi an ga irin waɗannan canje-canje a Ruwanda tun rahoton 2020, da Yuganda, da Eritiriya, kuma kundin ya nuna a Afirka suka tsiro, ba daga Asiya aka kawo su ba.

A 2018 rukunin John Adams a Jami'ar South Florida ya bi ƙwayoyin gadon yana lalata su da tsalle-tsallen wani guntun DNA, ya fitar da 2,680 da ƙwayar ba ta rayuwa a jini sai da su. Jerin da muka yi ta nema tun 2002 ke nan. Duk da haka, kaɗan ne daga ciki za su haifar da magani, don dole a samu sinadarin da zai kama su, ya ƙyale na mutum, ya dace da jariri da mai juna biyu, ya jure zafin kanti, kuma talaka ya iya saya.

Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, Nijar kuma na cikin ƙasashen da cutar ta fi kashe mutane. Tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012, miliyoyin yaran Sahel ke shan maganin rigakafi wata-wata a damina, kuma kowace damina ƙwayar na samun damar koyon jure masa. Cibiyoyi irin su MRTC a Bamako, da WACCBIP a Jami'ar Ghana, da ACEGID a Ede sun nuna za a iya karanta kundin a gida. Ɗigon jini a busasshiyar takarda ya isa a duba kelch13 da sauran alamomin. Abin da ke kawo cikas shi ne wutar da ba ta tsayawa, da sinadaran da ke lalacewa kafin su fito daga tashar jirgi, da matasan da aka horar suka tafi saboda babu albashin riƙe su. Kulorokwin ya daɗe da daina aiki kafin Najeriya ta sauya tsarin magani a 2005, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗar wannan jinkiri. A wannan karon an san harafin da za a duba. Ya rage a riƙa duba shi kowace damina a jinin Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, sakamakon kuma ya isa teburin masu yanke shawara kafin asibitoci su fara ganin maganin ya gaza.