Wane Ne Rago a Ƙasar Hausa?

Kalmar rago, wadda Sakkwatawa ke cewa raggo, a gona ta yi wayo. A zamanin gandu, magidanci da ƙannensa da 'ya'yansa kan duƙa gona ɗaya tun da sassafe har azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa. Abin da ya shiga rumbu shi gidan zai ci har wata kakar, saboda haka duk wanda ya riƙa saɓa fartanya yana neman inuwa, cikin 'yan'uwansa yake cuta. Shi ne aka kira rago. Hujjata a nan ita ce, a asalin amfani da ita kalmar ba ta nufin mai raunin jiki. Tana nufin wanda Allah ya ba ƙarfi ya ƙi fitar da shi. A wurin gayya ake ganin wannan ƙarara. Makaɗan noma suna biye da manoma, suna yi wa na gaba kirari, suna yi wa saurayin da ya noƙe zambo a gaban 'yan matan da suka kawo fura, amma ba mai taɓa dattijon da ƙarfinsa ya ƙare yana zaune gindin bishiya. Shi gajiyayye ne, kuma wataƙila a ƙuruciyarsa ya taɓa tara dami dubu har aka naɗa shi Sarkin Noma.

Haka abin yake a fagen dambe, wasan da aka san mahauta da shi. Idan aka kai mutum ƙasa sai a ce an kashe shi, duk da haka washegari a kaɗa masa takensa, domin faɗuwa ba ta mai da namiji rago. Rago shi ne wanda aka kira shi da kalangu ya ƙi shiga fage. Makaɗi Ɗan Anace ya yi suna da waƙar ɗan dambe Shago, kuma abin da makaɗa irinsa ke yabo zuciya ce kafin damtse. A Nijar ma, tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, ana kayar da manyan 'yan kokawa su dawo baɗi da mutuncinsu. Ƙarin shaida kuma, garuruwa irin su Kano sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Al'ummar da ta ware wa masu lalura sarauta da haƙƙi a cikin sadaka ba ta haɗa su da ragwaye a layi ɗaya ba.

Wani zai ce wannan ƙawata tarihi ne, domin kalmar ta zama bulala a hannun masu iko. Akwai gaskiya a nan. Ubangijin rinji yakan kira bawan da ya ja ƙafa rago, alhali ba don kansa yake noma ba, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. A lokacin yaƙin duniya na biyu an kwashi dubban talakawa zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, kuma wanda ya gudu daga irin wannan aiki da wuya ya tsira daga wannan suna. Sai dai wannan bai rushe ma'anar ba. Kalmar tana da nauyi ne inda mai aikin ke da rabo a amfanin. Da aka raba ta da wannan sharaɗi sai ta koma kayan zalunci.

Irin wannan karkatarwa ce ke faruwa yau. Ana kiran yaro mai amosanin jini rago don ya kasa ɗaukar jarka, ana kiran wanda ciwon damuwa ya kwantar rago, haka matashin da ya gama karatu ya rasa aiki. Kakanninmu sun fi mu tantancewa. Iyaye da malamai, kafin ku jefi yaro da wannan suna, ku fara bincika ko ƙi ya yi ko kasawa ya yi.