Nazarin siyasa da manufofin ilimi

Nazarin siyasa da manufofin ilimi fanni ne da ake karantawa a matakin digiri na biyu da na uku, inda ake bin diddigin wanda ke yanke hukunci kan makarantu, da hanyar da kuɗi ke bi, da wanda ya amfana. A jami'o'in Najeriya, kamar Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, yana zuwa ne a ƙarƙashin tsara ilimi da gudanar da shi. A duniya kuma UNESCO ta kafa cibiyar IIEP a Paris a 1963 don horar da masu tsara ilimi.

Wasu na ganin ɓata lokaci ne, wai malamai da kujeru ake buƙata, ba masana takarda ba. Amma tarihi bai goyi bayansu ba. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) a Najeriya a 1976, yaran da suka yi rajista sun zarce hasashe, aka rasa azuzuwa da ƙwararrun malamai, har wasu suka zauna ƙarƙashin bishiya. Dokar ilimin matakin farko ga kowa (UBE) ta 2004 ta ware wa wannan ilimi kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, shi ya sa kuɗin kan yi shekaru ba a taɓa su ba. Waɗannan matsaloli ne na lissafi da mulki, kuma su ne ainihin abin da fannin ke koyar da warwarewa.