Saran Daji da Cikon Kududdufi a Ƙasar Darki: Daga Shaidar Baki Zuwa Takarda

A zamanin da, kamar yadda na ji daga bakin dattawan Darki, wanda ke son saran daji wurin mai unguwa yake fara zuwa, shi kuma ya kai shi gaban dagaci da 'yar gaisuwarsa. Sai a aika wakili ya nuna masa iyaka a gaban maƙwabta, a ja masa kunne game da burtali da mashaya. In an yi jayayya, magana ta wuce Wudil wurin hakimi, wato Makaman Kano. Ba takarda, jama'a su ne shaida.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. A wannan zamani ne aka shigo da malaman taki, masu auna gona da tafiyar ƙafa domin yanka haraji. Daga nan gona ta shiga littafi. En'e kuma ta naɗa malaman daji, ta hana sare itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya sai da izini. Dokar 1962 a kan wannan turba ta tafi.

Babban sauyi ya zo ne da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ita ce ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara: har hekta 500 domin noma, 5,000 domin kiwo. Abin da ya haura haka sai da yardar Gwamna. A doka dagaci ya koma mai ba da shaida, ko da yake har yau talaka ƙofarsa yake fara zuwa.

Ina cikin aiki na ga illar raba waɗannan hanyoyi biyu. Wani bawan Allah ya sami takardar fili a gefen wani gari, da tsohon kududdufi a ciki. Takardarsa ba ta da aibi, don da hannuna na duba ta, amma babu ɗayanmu da ya tambayi mai unguwa. Ya kawo motocin ƙasa ya cike ramin. Da ruwan Agusta ya sauka ya rasa masauki, sai ya bi lungu ya kwantar da katangun maƙwabta. Ashe daga ramin nan kakanninsu suka ɗebi ƙasar gina unguwar, kuma nan ruwanta yake taruwa tun fil azal.

Tun daga ranar ban ƙara sa hannu a kan fili ba sai na taka shi tare da dattawan wurin. Takarda tana faɗin tsawo da faɗi, amma hanyar ruwa da ta shanu a bakin mutanen gari ake jin su. Allah Ya sa masu riƙe da alƙalami a yau su kula da wannan, amin.