Zargin cutar daji: Hanyar da majinyaci daga ƙauyukan arewacin Kano zai bi idan asibiti ya yi jinkiri

A ƙauyukan Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, nisa ba shi ne babban cikas ba, domin mutum na iya zuwa birnin Kano ya koma gida a yini guda. Abin da ke cinye lokaci shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da aka ga alama da ranar da sakamakon gwajin tsoka ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na yaƙi da sankarar mama da ta ƙaddamar a 2021, ta sa kwana 60 a matsayin wa'adin kammala bincike daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Jinkirin farko daga gida yake. Kalmar "daji" a Hausa ta haɗa sankara da wasu kumburi da gyambo, kuma an daɗe ana cewa daji ba ya son allura. Wannan magana ta yi ɓarna mai yawa, domin ɗebo ɗan nama daga kumburin a duba shi a ɗakin gwaji ita ce hanyar tabbatar da cutar. Hoton asibiti zargi kawai yake ƙarfafawa. Akwai kuma jiran kaka: ƙullutun da aka gani da damina sai a bar shi har a sayar da gyaɗa ko dawa.

Alamun da ba a jira da su sun haɗa da ƙullutu a mama, zubar jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada, jini a fitsari ko bayan gida, wahalar haɗiya, gyambon da ya ƙi warkewa, da rama babu dalili.

Matakin farko shi ne babban asibiti mafi kusa, kamar na Bichi ko na Ɗambatta. A nemi likita ya rubuta takardar turawa da ta ambaci zargin sankara ƙarara, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

Idan aka ba da rana mai nisa, ko yajin aiki ya faɗo (na likitoci masu neman ƙwarewa da ya fara ranar 2 ga Agustan 2021 ya kai wata biyu), kada a koma gida a zauna. Asibitocin tarayya da na jiha ba kullum suke tsayawa tare ba. Naman da aka ciro, muddin yana cikin ruwan adana shi, ana iya kai shi wani ɗakin gwajin da izinin likita. A ajiye kwafin kowane sakamako, a karɓi lambar samfurin, a kuma wakilta mutum ɗaya cikin dangi ya riƙa bibiya.

Gashi da na'ura, idan an buƙace shi, an saba nemansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. An buɗe cibiyar cutar daji a Giginyu, Kano, a Janairun 2023, da wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, wadda ke kan hanyar mutanen Bichi da Tsanyawa. A tabbatar na'urar na aiki kafin a kashe kuɗin mota. Gwamnatin tarayya na da asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ana tambayar yadda ake shiga a sashen walwala na asibiti.

Zubar jini mai yawa, kasa fitsari, sarƙewar numfashi ko mutuwar ƙafafu kwatsam ba sa jiran ranar da aka bayar. Sashen gaggawa za a nufa, ko da tsakar dare.