Famfon Kifi a Ɗakin Bakwaini

Wanda ya fito daga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ya nausa cikin Tudun Wada, ba zai yi nisa ba zai iske tsohon asibitin koyarwa na jami'ar. Nan ne cibiyar asibitin ta zauna shekara da shekaru kafin a koma Shika a 2005, kuma nan ne mata daga Zariya da ƙauyukan kewaye suka riƙa kawo bakwaini a naɗe cikin zani, ƙirji na lotsawa, suna nishi. Labarin yadda likitoci suka fahimci wannan nishi, da yadda suka samo masa magani mai araha, ya ratsa ta wurin da ba a zata ba, wato shagon masu sayar da kayan kiwon kifin ado.

Huhun ɗan Adam cike yake da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska. A bangonsu akwai wani maiƙo da ake kira safaktan, wanda ke hana su mannewa idan an fitar da numfashi. Jaririn da ya zo kafin lokacinsa bai gama tara wannan maiƙo ba, saboda haka kowane numfashi a wurinsa tamkar hura sabuwar balan-balan ne. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead na Jami'ar Harvard suka gano haka, amma sanin cuta daban, maganinta daban. A watan Agustan 1963 aka haifa wa shugaban Amurka John F. Kennedy ɗa, Patrick, saura kusan mako biyar da rabi cikin ya cika. Duk da manyan likitocin Boston, yaron bai wuce awa 39 a duniya ba.

Haske ya fara ɓullowa ne daga Afirka. A 1968 wasu likitoci a Cape Town suka nuna cewa nishin nan dabara ce ta jiki: jaririn yana ɗan toshe maƙogwaronsa ne yayin fitar da iska, don ya bar matsi a huhu kada jakunkunan su rufe. Da aka zura masa bututun da ya hana shi nishi, sai oksijin ɗin jininsa ya faɗi. George Gregory na San Francisco ya ga cewa na'ura za ta iya ɗauke wa jariri wannan wahala, ta riƙa tura masa iska da ɗan matsi marar yankewa. A 1971 ya wallafa sakamakon jarirai 20, waɗanda 16 daga cikinsu suka rayu. Wannan ita ce hanyar da asibitoci ke kira CPAP.

Jen-Tien Wung na Jami'ar Columbia a New York shi ne ya fito da siffarta mafi sauƙi. Iska na shiga hancin jariri ta tiyo ɗaya, ta fita ta wani, a tsoma bakin na biyun cikin kwalbar ruwa. Kafin iskar ta fita sai ta ture ruwan da ke samanta, don haka zurfin tiyo shi ne ma'aunin matsi: santimita 5 a ruwa, matsin santimita 5 a huhu. Muddin ruwan na ɓulɓula, nas ta san aiki na tafiya. A 1987 Avery ta kwatanta manyan asibitoci takwas, aka tarar jariran Columbia ne suka fi tsira daga ciwon huhu mai daɗewa.

Abin da ke buƙatar tiyo da kwalba kawai ba zai gagari likitan Nijeriya ba, musamman a ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa ta ta uku wajen yawan haihuwar bakwaini. A 2013 likitocin Asibitin Ƙasa na Abuja suka bayyana irin wadda suka harhaɗa da kayan da ke hannunsu, a 2015 kuma takwarorinsu na Zariya suka wallafa rahoton shekara guda ta amfani da hanyar ɓulɓular ruwa. Haɗin gida ya bazu a asibitoci da dama, ya kuma ceci rayuka. Sai dai mafi sauƙin irinsa yana da aibi guda: kai tsaye ake jona shi da tukunyar oksijin, jariri ya yi ta shaƙar zallarsa ba sirki.

Likitanci ya riga ya biya kuɗin wannan darasi da tsada. A shekarun 1940, asibitocin Amurka da Turai sun riƙa cika kwalaben renon bakwaini da oksijin, bisa zaton da yawa ya fi kaɗan. Sai ga wata sabuwar makanta, wadda Theodore Terry ya fara bayyanawa a Boston a 1942. A 1951 wata likita a Melbourne, Kate Campbell, ta danganta ta da yawan oksijin, wanda ke ɓata jijiyoyin jinin idon da bai nuna ba. Kafin a farga, yara kimanin 10,000 sun rasa gani. Mawaƙin nan Stevie Wonder, haihuwar 1950, yana cikinsu.

Ashe abin da ɗakin bakwaini ke nema shi ne iskar nan ta kowa da kowa, wadda oksijin ɗinta bai wuce kashi 21 cikin 100 ba, domin a sirka zallar da ita. A asibitin masu hali, bututu biyu ne ke fitowa daga bango, na oksijin da na matsattsiyar iska, ga kuma na'ura mai gauraya su. Bututu na biyun ne yawancin asibitocin Afirka ba su da shi. Abin mamaki, oksijin da ake saye da kuɗi ya fi sauƙin samu a kan iskar kyauta, domin ita sai an sami abin da zai turo ta.

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun daɗe da wannan matsala, tunda kifinsu na mutuwa idan iska ba ta shiga ruwa ba. Dabaru biyu suke da su. Ta farko ɗan famfo ne mai faifan roba a ciki, wanda maganaɗisun lantarki ke kaɗawa, yana zuƙo iskar ɗaki yana tura ta cikin tiyo dare da rana. Ta biyu ta masu kifin ruwan gishiri ce, waɗanda ke buƙatar kumfa mai laushi don kwashe dattin ruwa: sukan huda mashigar famfon ruwa su soka siririn tiyo, sai gudun ruwan ya riƙa janyo iska da kansa. Dukkan dabarun biyu sun ƙare a gefen gadon jarirai.

Ta farkon ta bi ta Malawi. Ɗaliban injiniyanci na Jami'ar Rice a Texas, ƙarƙashin Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, tare da likitocin asibitin Queen Elizabeth na Blantyre, suka zuba famfon kifi biyu cikin akwatin roba na ajiye takalma, suka haɗa da kwalbar ruwa. Famfunan ke kawo iskar ɗaki, a gauraya ta da oksijin gwargwadon buƙata. Kayan haɗin sun kama kimanin dala 350, alhali ta kamfani tana kaiwa dala 6,000. Sakamakon gwajin da aka buga a 2014 ya nuna kashi 71 cikin 100 na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, a kan kashi 44 na waɗanda aka ba oksijin ta hanci kawai. Gwajin ƙarami ne, jarirai 87, kuma ba da ƙuri'a aka raba su ba, amma ya isa ya sa na'urar, mai suna Pumani, ta bazu a asibitocin gwamnatin ƙasar.

Dabara ta biyu ta fi tsufa. Ɗan Italiya Giovanni Battista Venturi ya bayyana a 1797 cewa idan ruwa ya ratsa ƙuntataccen wuri gudunsa na ƙaruwa, matsinsa ya ragu, har ya iya zuƙo abin da ke gefe. Duk bakaniken da ke wanke kafiretar babur a Tudun Wada da wannan ƙa'ida yake cin abinci, ko da bai taɓa jin sunan mutumin ba. A 1960 Moran Campbell ya yi amfani da ita a Landan wajen ƙera takunkumin oksijin na manya. Na'urar Vayu, wadda ƙungiyar Thomas Burke ta Boston ta ƙera, ita ma haka take: oksijin daga tukunya ya bi ta ɗan ƙaramin rami ya janyo iskar ɗaki, ba tare da lantarki ba. A garin da wuta ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Masu son labarin akwatin takalmi sukan tsaya a nan, amma akwai sauran zance. A Dhaka, Mohammod Jobayer Chisti ya gwada hanyar a kan yara masu nimoniya mai tsanani, mace-mace suka tsaya a kashi 4, a kan kashi 15 na masu oksijin kaɗai. Wannan a 2015 ke nan, a sashen kulawa ta musamman mai likitoci a kusa. Da aka gwada ta a asibitin gundumar Salima a Malawi, a kan yara 644 masu nimoniya, inda ba likita mai duba su kullum, sakamakon 2019 ya juye: kashi 17 suka rasu cikin masu na'urar, kashi 11 cikin masu oksijin kaɗai. Waɗannan yara ba bakwaini ba ne, kuma da yawansu na fama da tamowa ko ƙanjamau, amma gargaɗin ya shafi kowane ɗaki. Shi ya sa shirin NEST360, wanda ya fara a 2019 a Kenya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, ya haɗa rabon na'urori da horar da ma'aikatan jinya da masu gyara.

Aikin da ke bayan na'urar na hannu ne. Ana zuƙe majina daga hancin da bai kai kan ɗan yatsa ba, a duba kada tiyo ya ci fatar, a sace iskar da ta taru a tumbi, a auna oksijin ɗin jini a rage ko a ƙara. A Zariya akwai ƙarin aiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙurar hunturu na toshe matatar famfo, busasshiyar iska kuma na shanye ruwan kwalba, kuma duk santimita ɗaya da ya ragu, matsin da ke huhun jariri ya ragu da shi.