Ranar da Aka Sayar da Gretzky, da Gardamar da Ta Ƙi Mutuwa a Edmonton

Yau tarihinmu ya yi nisan kiwo. Za mu leƙa Edmonton, babban birnin lardin Alberta da ke yammacin Kanada, garin da ruwa kan daskare wata da watanni, kuma mutanensa ba su haɗa ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da komai ba. Mun san da yawanmu ba mu taɓa kallon wasan ba, kuma ba damuwa. Mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulu a kan ƙanƙara suna bin wani ɗan faifan roba baƙi da sanduna. Abin da ya kai mu can shi ne rigimar da magoya bayan ƙungiyar garin, Oilers, suka kwashe sama da shekara talatin suna yi a kan wa aka sayar, wa ya sayar da shi, kuma wa ya isa ya gyara ɓarnar.

Abu biyu za mu riƙe tukuna, domin sun saɓa da ƙwallon ƙafar da muka sani. A babbar gasarsu, NHL, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba ta faɗawa rukunin ƙasa. Lada ma ake ba ta: duk shekara akan jera matasan 'yan wasa ƙungiyoyi su zaɓa, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke da damar fara ɗauka, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Na biyu, musayar 'yan wasa ake yi tsakanin ƙungiyoyi, sau da yawa ba tare da an nemi yardar ɗan wasan ba. Mutum na iya kwana ɗan Edmonton ya wayi gari ɗan New York.

Oilers ta shiga NHL a 1979 da wani siririn yaro mai lamba 99, Wayne Gretzky. A kakar 1981 zuwa 1982 ya ci ƙwallo 92, adadin da har yau ba a kamo ba. Shekara takwas a jere ana ba shi kyautar gwarzon gasa. Da shi da su Mark Messier da Jari Kurri da Grant Fuhr da Kevin Lowe suka ɗauki Kofin Stanley a 1984 da 1985 da 1987 da 1988. Ƙaramin gari na ma'aikatan mai ya wayi gari yana taka New York da Montreal. A watan Yulin 1988 Gretzky ya auri 'yar fim ɗin Amurka Janet Jones a cikin Edmonton, jama'a suka cika tituna kamar bikin ɗan sarki.

Ko wata ɗaya ba a yi ba, ranar 9 ga Agusta, mai ƙungiyar, Peter Pocklington, ya miƙa shi ga Los Angeles Kings, tare da 'yan wasa biyu. Abin da Edmonton ta karɓa: Jimmy Carson, Martin Gelinas, damar zaɓen matasa a zagayen farko har sau uku, da tsabar kuɗi dala miliyan 15. Gretzky, ɗan shekara 27, ya zauna gaban 'yan jarida hawaye suka hana shi ƙarasa magana.

Garin ya kama da wuta. An ƙona mutum-mutumin Pocklington. Wani ɗan majalisar tarayya, Nelson Riis, ya nemi gwamnati ta shiga ta hana cinikin. Dama attajirin ba shi da farin jini wurin ma'aikata tun yajin aikin da aka yi a kamfaninsa na nama, Gainers, a 1986, wanda sai da aka ba hammata iska da 'yan sanda. Wasu kuma suka ɗora wa amarya laifi, wai ita ta janye mijinta zuwa garin 'yan fim. Wannan, a ganinmu, shi ne zalunci mafi arha a duk labarin: dala miliyan 15 ta shiga aljihun wani, amma bakin mutane ya tafi kan matar da ba ta sa hannu a takarda ko ɗaya ba.

Da labari muke ƙirƙira, da sai mu ce daga nan ƙungiyar ta rushe. Tarihi bai yi mana wannan sauƙin ba. Gaskiya ne a 1989 Gretzky da sabuwar ƙungiyarsa suka fitar da Oilers tun zagayen farko na wasannin neman kofi, har masu fushi suka ce ai ga shi nan. Amma Carson, wanda nauyin gadon Gretzky ya fi ƙarfinsa duk da ya ci ƙwallo 49, ya nemi a sallame shi. Babban manaja Glen Sather ya musanya shi da wasu 'yan wasan Detroit, cikinsu akwai Joe Murphy da Adam Graves. Waɗannan biyun da Gelinas suka taimaka aka doke Boston a 1990, Edmonton ta ɗauki kofi na biyar. Gretzky kuwa bai ƙara ɗaga kofin ba har ya yi ritaya. To, wa ya yi riba? Mai ƙirga kofuna zai ba ka amsa ɗaya. Wanda ya tsaya a titi ranar ɗaurin aure zai ba ka wata, kuma ba za ka iya ce masa ƙarya yake ba.

Abin da cinikin ya bari a zukata shi ne zargi: duk wanda muka so, wata rana za a sayar da shi. Shekarun da suka biyo baya kuma ba su ƙaryata zargin ba. Messier ya tafi New York Rangers a 1991, ya ɗauki kofi a can a 1994 tare da tsofaffin abokansa na Edmonton. Dalar Kanada ta yi rauni, ga albashin 'yan wasa da dalar Amurka ake biya. Ƙungiyar Quebec ta yi ƙaura zuwa Denver a 1995, ta Winnipeg ta koma Phoenix a 1996. A 1998 saura ƙiris Oilers ma ta koma Houston, sai 'yan kasuwar gari sama da talatin suka yi karo-karo suka saye ta.

A 2006 aka ga kamar an farfaɗo. Ƙungiyar ta shiga wasannin neman kofi da ƙyar, a gurbi na ƙarshe, amma ta yi ta ka da manya har wasan ƙarshe, inda Carolina ta doke ta a karawa ta bakwai. Kwanaki kaɗan bayan nan babban mai tsaron bayansu, Chris Pronger, ya ce a sallame shi. Aka kai shi Anaheim, ya ɗauki kofi a shekarar da ta biyo.

Sai batun Ryan Smyth, wanda muke ganin ya fi na Pronger ciwo. Ɗan Alberta ne, tun yana yaro Oilers yake so. A wasannin 2006 faifan nan ya same shi a baki ya zubar masa da haƙora, aka yi masa ɗinki ya dawo fili a daren, ya kuma bayar da ƙwallon da aka ci wasan da ita. A watan Fabrairun 2007 aka kasa daidaitawa a kan sabon kwantiraginsa, bambancin kuma ba wani mai yawa ba ne, sai babban manaja Kevin Lowe ya tura shi New York Islanders, a daidai ranar da ake bikin karrama rigar Messier. Smyth ya yi kuka a filin jirgi. A duk wasannin da suka rage a kakar, biyu kacal Oilers ta ci.

Daga nan aka shiga shekara goma cur, 2006 zuwa 2016, ba a leƙa wasannin neman kofi ba ko sau ɗaya. A nan ne gardamar ta canja kama. Attajiri Daryl Katz ya sayi ƙungiyar a 2008, saboda haka ba a ƙara kukan talauci ba. Shugabanni suka fito da sabuwar magana: a rushe a sake gini. A haƙura da shan kashi, a tara matasa, gobe ta yi kyau. Kuma matasan sun zo. Edmonton ce ta fara zaɓe shekara uku a jere: Taylor Hall a 2010, Ryan Nugent-Hopkins a 2011, Nail Yakupov a 2012. Masu cin ƙwallo sun taru, amma bayan gida a buɗe yake, ba masu tsaron baya na kirki. Aka yi ta sauya masu horarwa kamar riga. Ɗaya daga cikinsu, Ralph Krueger, ta Skype aka sanar da shi an kore shi.

Magoya baya suka rabu. Wasu suka ce da tsohuwar zuma ake magani: Lowe, wanda ya zama shugaban harkokin wasa, da Craig MacTavish, wanda ya yi koci sannan ya zama babban manaja, su suka ci kofuna da guminsu, su suka san hanya. Wasu suka ce ai nan cutar take, an mayar da ƙungiya gidan gado na tsofaffin abokai, wanda ya gaza a kujera ɗaya sai a ɗaga shi zuwa ta sama. Cikin masu wannan ra'ayin har da wasu da suka ɗauki ƙididdiga, suna zama su ƙirga harbin da aka yi da wanda aka sha lokacin da kowane ɗan wasa yake fili, su kafa hujja da alƙaluma maimakon tuna baya. An yi musu dariya da farko. A 2014 ƙungiyar da kanta ta ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki.

Lowe ne ya ƙara wa wutar mai. A taron manema labarai na watan Afrilun 2013, da tambayoyi suka matse shi, ya tuna wa jama'a cewa shi fa kofi shida ya ci, ya kuma raba magoya baya gida biyu: masu sayen tikiti su shigo, da masu bi daga nesa. Ya nemi afuwa daga baya, amma magana zarar bunu ce. A watan Disambar shekarar, bayan St. Louis ta lallasa su 6 da nema, wani ya tuɓe rigar ƙungiyar ya wurga ta cikin fili. Wasu suka yi karo-karo suka kafa allon talla suna neman Lowe ya sauka. Katz ya rubuta wa gari buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon haƙuri.

Mun fi karkata ga masu sukar shugabanni, domin shekara goma ba tsautsayi ba ce. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai tsaron raga Devan Dubnyk, da aka yi ta zagi har aka rabu da shi a farkon 2014, a shekarar da ta biyo yana cikin mutum uku da suka yi takarar gwarzon mai tsaron raga, a rigar Minnesota. Justin Schultz, da 'yan kallon gida suke yi wa ihu duk sanda ya taɓa faifan, ya koma Pittsburgh a 2016 ya ɗauki kofi biyu a jere. Waɗanda suka yi ihun a kore su, su ne suka dawo suna tambayar wane sakarai ne ya sake su.

Kuma abin da ya ceto ƙungiyar ba dabarar kowa ba ce. A Afrilun 2015 aka jefa ƙuri'ar zaɓen matasa. Buffalo ce ta zo ta ƙarshe a gasar, Edmonton kuwa damarta kashi 11.5 cikin ɗari ce, amma ita ta ci, ta ɗauki Connor McDavid, yaron da kowa ya yarda ba a ga kamarsa ba cikin shekaru. Sauran garuruwa suka yi ta tsaki, wai an saka wa gazawa da zinare karo na huɗu cikin shekara shida. Nan da nan aka ɗauko Peter Chiarelli daga Boston aka ba shi ragama, baƙo wanda ba shi da alaƙa da zamanin kofuna, daidai abin da masu suka suka daɗe suna nema.

An gudu gara an faɗa gidan zago. Ranar 29 ga Yunin 2016 Chiarelli ya ba New Jersey Taylor Hall, ya karɓi mai tsaron baya Adam Larsson, mutum ɗaya da mutum ɗaya, ba ko ƙari. Masu alƙaluma suka ce an yi asara. Masu kare shi suka ce gidan da ba ƙofa ba ya bukatar ƙarin fitila. A 2017 Oilers ta koma wasannin neman kofi har ta haye zagayen farko, masu kare cinikin suka yi ta bugun ƙirji. A 2018 ta sake faɗuwa, Hall kuma ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya a New Jersey, ɗaya ɓangaren ya karɓi ganga. A Janairun 2019 aka kori Chiarelli. Shekara uku, hukunci ya juya sau biyu, kuma duk wanda ya rubuta tarihin cinikin a ɗaya daga cikin shekarun nan da ya rantse ya gama gano gaskiya.

McDavid da Bajamushen nan Leon Draisaitl sun kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 2024. Florida ta ci karawa uku na farko, Edmonton ta rama uku, a ta bakwai ta faɗi da ci 2 da 1. Aka ba McDavid kyautar gwarzon wasannin duk da an doke su, bai fito ya karɓa ba. A 2025 suka sake haɗuwa da Florida, suka sake faɗuwa, wannan karon a karawa shida. Cikin matasa ukun nan da aka tara domin sabon gini, Hall ya zaga ƙungiyoyi, Yakupov ya koma Rasha tun 2018. Nugent-Hopkins kaɗai ya buga wasannin ƙarshen nan biyu a rigar Oilers, shi da aka kwashe shekaru ana kawo sunansa duk lokacin da aka zauna lissafin wanda ya kamata a sayar.